Tsakuwa, Dala da Alƙalami: Sharhi kan Koyar da Ƙananan Yara Lissafi ta Hanyar Wasa a Damagaram

Tsinkaye da tsakuwa ba baƙi ba ne a makarantun bokon Nijar, domin duk wanda ya zauna a ajin CI, wato ajin farko na firamare, a Birni ko Zango ko Sabon Gari na Damagaram zai tuna ranar da mushe ya ce kowa ya zo da ƙullin tsinkayensa na ƙirga. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne sunan da ake ba abin. Yanzu yaro kan dawo daga lakwal ya ce yau wasa suka yi a darasin lissafi, makarantu masu zaman kansu suna tallata kansu da cewa ɗalibansu na koyo cikin wasa, wayoyin hannu kuma cike suke da manhajojin da ke alƙawarin koya wa ɗan shekara huɗu tarawa da ɗebewa. Uban da ya biya kuɗin makaranta, ko ya haƙura da taimakon da yaron zai yi masa a gona ko a shago, yana da hujjar tambaya ko karatu ake yi ko ɓata lokaci. Malamin da ke riƙe da aji cike maƙil shi ma yana da tasa tambayar, wato yadda zai saki yara su yi wasa ba tare da ajin ya kuɓuce masa ba.

Amsar waɗannan tambayoyi ta rataya ne a kan irin wasan da ake magana a kai, da abin da malami ya yi yayin wasan da bayansa, da kuma harshen da ake faɗin lambobin da shi.

Me ake nufi da wasan koyo?

Kalmar wasa tana ɗauke da abubuwa mabambanta waɗanda rashin rarrabe su ke haddasa yawancin saɓanin. Akwai wasan da yara ke yi don kansu, babu babba a kansu, kamar ginin ɗaki da laka ko wasan ƴar tsana. Wannan yana da amfaninsa wajen kaifin tunani da zaman tare, sai dai ba a tsara shi don isar da wani darasi takamaimai ba. Akwai kuma wasa mai jagora, inda malami ya san manufar da yake son a cimma, ya tanadi kayan, ya bar yara su motsa hannu su gwada, yana bi da tambayoyi irin su “nawa suka rage?” ko “wa ya fi yawa, kuma da nawa?”. Daga cikin wannan ne ake samun wasa mai doka, wanda ke da juyi da ci da faɗuwa, kamar dara.

Akwai wani abu kuma da ake yawan sakawa a wannan sahu alhali jinsinsa daban ne, shi ne a ɗauki atisayen lissafi na yau da kullum a yi masa ado da maki da taurari da tafi. Yawancin manhajojin waya wannan suke yi. Yaro na iya jin daɗinsa, yana kuma iya ƙara masa sauri a abin da ya riga ya gane, amma lissafin ba ya cikin dokar wasan, an dai jingina masa lada ne daga waje.

Ita ma kalmar lissafi tana buƙatar fayyacewa idan ana maganar ɗan shekara huɗu zuwa takwas. Yaron da ke rera ɗaya, biyu, uku har hamsin ba lallai ne ya iya ƙirga ba, ta yiwu haddace jerin ya yi kamar waƙa. Ƙirga na gaskiya yana nufin ya ba kowane abu lamba guda ba tsallake ba maimaici, ya kuma gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce adadin tarin gaba ɗaya. Ana gane bambancin cikin sauƙi: a ba yaro ƙwallayen dabino bakwai ya ƙirga, sannan a tambaye shi nawa ne. Wanda ya gane zai ce bakwai, wanda bai gane ba zai koma ya sake ƙirgawa daga farko. Bayan wannan sai sanin girman lamba, wato takwas ta fi biyar kuma ta fi kusa da goma, sannan matakin da ya fi kayar da yara, wato darajar gurbi, dalilin da ya sa 3 ta cikin 32 ta zama talatin, ta cikin 23 kuma ta tsaya a uku.

Inda maganar ta samo asali

Tunanin koyar da yara da abin da za su taɓa ya daɗe. Friedrich Froebel ya kafa makarantar ƙananan yara a Jamus wajen 1840 bisa wasa da ƴan katakai, Maria Montessori kuma ta buɗe tata a birnin Rum a 1907 da kayan ƙirga na duwatsun ado da sanduna. Abin da ya dawo da maganar da ƙarfi a ƙasashe irin Nijar shi ne sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna cewa shiga makaranta daban, koyo daban. A gwajin PASEC na 2014, wanda ya shafi ƙasashen Afirka goma masu amfani da Faransanci, fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. Gwajin 2019, wanda ya haɗa ƙasashe 14, ya nuna Nijar ta matsa gaba sosai, amma har a lokacin mafi yawan ɗaliban ƙarshen firamare suna ƙasa da matakin. Yaron da ya isa CM2, ajin ƙarshe na firamare, bai iya rabawa ba, galibi matsalarsa ta faro ne tun a CI da CP, azuzuwa biyu na farko, inda aka wuce shi bai riƙe darajar gurbi ba, kowane aji kuma ya ɗora gini a kan tushen da babu shi.

An gwada hanyoyi da dama na toshe wannan ɓaraka. Shirin Makaranta Don Kowa, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a jihar Tawa a 2004 kafin ya bazu a ƙasar, ya dogara da kwamitocin iyaye da malamai masu kula da makarantu, daga baya kuma ya shigo da ƙarin sa’o’in atisayen lissafi a wajen lokacin aji. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da tsarin raba yara bisa abin da suka iya a zahiri maimakon ajin da suke, kuma babban kayan aikinta a lissafi shi ne tsinkaye da ƙulli. Wasan koyo ya shigo ne ta wannan ƙofa, a matsayin dabarar sa yaro ya riƙe lamba a hannu kafin a nemi ya rubuta ta.

Batun harshe ya girmi duk waɗannan. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, dokar tsarin ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, sannan Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ya sake tayar da tambayar da ta fi shafar darasin lissafi fiye da yadda ake zato, wato da wane harshe yaro zai fara sanin lambobi.

Yarinyar da ta iya canji ta kasa ɗebewa

A ɗauki misalin yarinya ƴar shekara takwas mai tallan gyaɗa a bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis. Ƙulli ɗaya dala biyar ne. Mai saye ya ɗauki uku ya miƙa mata dala ashirin, ta mayar masa da dala biyar tun kafin ya gama sa gyaɗar a aljihu. Ta ninka biyar sau uku, ta ɗebe sha biyar daga ashirin, duk a ka, kuma ba ta kuskure domin kuskuren yana da hukunci a gida. Washegari a aji a rubuta mata 100 − 75 a allo, ta yi shiru. Lissafin guda ne, kuɗin ma guda ne, amma ba ta san haka ba, domin ƙarfen da aka rubuta wa 100 a jiki ita ashirin ta san shi, na 25 kuma biyar, na 500 ɗari, takardar 1000 kuma jika. Kasuwa na ƙirga da dala, makaranta na ƙirga da faran, tsakaninsu akwai ninki biyar wanda ba kasafai ake zaunar da yaro a bayyana masa ba.

Wannan giɓi ba Damagaram kaɗai ta san shi ba. Wani bincike da aka buga a 1985 kan yara masu talla a birnin Recife na Brazil ya gano suna warware lissafin ciniki daidai su kasa irinsa a takarda. A 2025 mujallar Nature ta buga binciken Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu kan yaran da ke aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, sakamakon kuma ya zo da fuska biyu: yaran kasuwa sun ƙware a ciniki sun yi rauni a lissafin allo, ƴan makarantar da ba su taɓa ciniki ba sun iya na allo sun rikice a na kasuwa. Ilimin ba ya tsallakawa da kansa daga wannan ɓangare zuwa wancan, sai an yi masa hanya.

Sunayen lambobin su ma suna da tasiri. Bahaushe na cewa goma sha ɗaya, goma sha biyu, har goma sha tara, kunnen yaro na jin goman da abin da aka ɗora mata. A Faransanci daga onze zuwa seize goman ta ɓuya, sai a dix-sept take fitowa. Idan aka kai saba’in sai a ce soixante-dix, wato sittin da goma, tamanin kuma quatre-vingts, ashirin huɗu, har a kai quatre-vingt-dix-sept a matsayin 97, inda yaron da ke rubuta abin da ya ji zai iya zuba 4 da 20 da 10 da 7 a jere. Hausa ma tana da nata wurin tuntuɓe, domin ashirin da talatin da arba’in aro ne daga Larabci, kuma ba sa nuna goma nawa ke cikinsu yadda tsohuwar ƙirgar gomiya biyu da gomiya uku ke nunawa. Duk da haka yaron da ya shiga CI da Hausa a bakinsa, aka tarbe shi da lambobin Faransanci, nauyi biyu yake ɗauka lokaci guda, na sabon harshe da na sabon tunani.

A nan wasa mai jagora ke da rawar da wuya wata dabara ta taka. Idan malami ya kafa ƴar kasuwa a aji, da kuɗin kwali da aka rubuta wa 25 da 50 da 100, ya sa mai sayarwa ta faɗi farashi da dala, mai saye ya faɗe shi da faran, na uku kuma ya rubuta cinikin a ƙaramin allonsa, to yarinyar mai gyaɗa za ta gano cewa abin da ta sani tun tuni shi ne ake nema a allo. Idan kuwa aka tsaya a saye da sayarwa da dala kawai, ba rubutu ba fassara, za ta ci kowa a wasan ta koma wurin zamanta ba ta ƙaru da komai ba.

Abin da bincike ya tabbatar da abin da ya kasa tabbatarwa

Binciken da aka fi ambata a wannan fage shi ne na Robert Siegler da Geetha Ramani a Amurka a 2008. Sun yi aiki da yara ƴan shekara huɗu zuwa biyar daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, da wasa mai sauƙin gaske: layi miƙaƙƙe mai gidaje goma, an rubuta 1 zuwa 10, yaro ya juya ƴar alama ta nuna masa ko taki ɗaya zai yi ko biyu. Zama huɗu aka yi cikin mako biyu, jimillarsu kusan sa’a guda. Yaran suka inganta a ƙirga da gane lambobi da sanin wadda ta fi girma, kuma bayan mako tara ribar na nan. Waɗanda suka yi wasa iri ɗaya amma gidajen launi ne a maimakon lambobi ba su samu wannan riba ba, kuma a wani gwaji na gaba layi miƙaƙƙe ya fi da’ira amfani.

Wani ɗan sharaɗi a dokar wasan ya cancanci a tsaya a kansa. Yaron da ke gida na 3 ya samu taki biyu, ana sa shi ya faɗi lambobin gidajen da yake takawa, wato “huɗu, biyar”, ba a barinsa ya ce “ɗaya, biyu”. Ta haka yake jin cewa uku da biyu biyar ne, yana ganin biyar ta fi uku nisa daga mafari, hannunsa kuma ya yi tafiyar. Wannan ne ya raba shi da lido da yara ke bugawa a unguwa, inda gidajen ba su da lamba kuma kullum daga ɗaya ake fara ƙirga taki.

Ɗaya gefen ya fito ne daga Indiya. A 2017 mujallar Science ta buga gwajin da Moira Dillon da Elizabeth Spelke da Esther Duflo da wasu suka yi a makarantun share fage 214 a Delhi, da yara kimanin 1,500. Wata huɗu yaran suka yi suna wasannin kwatanta yawan ɗigo da gane siffofi, ba tare da an ɗaure wasannin da rubutattun lambobi ba. Sun ƙware a abin da wasan ya horar da su, ƙwarewar kuma ta ɗore har bayan shekara, amma da suka shiga firamare ba su fi sauran yara iya lissafin makaranta ba. Wasan ya koyar, sai dai abin da ke cikinsa kawai ya koyar.

Idan aka haɗa waɗannan sakamako biyu, abin da ke fitowa shi ne wasa na amfanar lissafin makaranta idan lambar da sunanta da rubutunta suna cikin dokarsa, ta yadda ba a iya ci sai an bi ta kansu. Nazarin da masana na Jami’ar Cambridge suka fitar a 2022, wanda ya tattara bincike da dama kan yara har zuwa ƴan shekara takwas, ya nuna wasa mai jagora na iya fin koyarwa kai tsaye a lissafin farko da sanin siffofi. Kalmar jagora ce ke ɗauke da nauyin wannan hukunci, domin binciken da aka yi kan barin yara su gano komai da kansu ya sha nuna cewa hakan bai kai bayanin malami amfani ba.

Dara, carafke da ƙullin tsinke

Ana yawan cewa wasanninmu na gargajiya sun wadatar, kuma akwai gaskiya a ciki gwargwado. Darar da dattawa ke yi a ƙasa a gindin bishiya, mai ramuka talatin, kowa da ƴaƴa goma sha biyu, wannan da tsakuwa wancan da kara, ana neman jera uku a ci ɗan abokin karawa, horo ce mai kyau ga hangen gaba da lura da tsari. Sai dai lamba ba ta da yawa a cikinta, kuma gwanin dara na iya tsufa bai rubuta 12 ba. Nau’in da ake zuba ƙwayoyi hurhuɗu a ramuka goma sha biyu ana rarraba su ɗaya bayan ɗaya ya fi kusa da ƙirga, tunda kowane rami ƙwaya guda yake samu, mai wasa kuma dole ya lissafa inda ta ƙarshe za ta faɗa.

Carafken ƴan mata ta fi su duka ɓoye lissafi. Yarinya ta jefa dutse sama ta kwashe na ƙasa ɗaiɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, kafin ta cafe. Idan duwatsun goma ne, a zagayen bibbiyu kwasa biyar za ta yi ba saura, a na uku-uku kuwa kwasa uku ce ɗaya ya rage. Rabawa ce da ragowarta, shekaru kafin a koya mata ita a aji, amma ba za ta san haka ba sai wani ya tsayar da wasan ya tambaye ta dalilin da ɗaya ke ragewa.

Wasan ƙulli shi ne ya fi kai tsaye ga darajar gurbi. Yara biyar ko shida su zauna da tarin tsinkaye, kowa ya zari kati mai lamba daga 1 zuwa 9 ya ɗebi adadin, duk wanda tsinkayensa suka cika goma dole ya ɗaure su ƙulli guda, bayan kowane juyi kuma ya rubuta abin da yake da shi, ƙulli a hagu, warwara a dama. Amfaninsa na bayyana ne a ɗebewa. Yara da yawa idan aka ba su 32 − 7 sukan rubuta 35, domin sun ga biyu ba ta isa a cire mata bakwai ba, sai su juya su cire biyu daga bakwai su sauko da ukun. Yaron da ke riƙe da ƙulli uku da tsinke biyu, aka ce ya biya bakwai, ba shi da mafita sai ya kwance ƙulli ɗaya, ya ga sha biyu a hannunsa, ya biya, ya rage da ƙulli biyu da tsinke biyar. Aron da ake koya masa a allo a matsayin doka ya zama abin da ya yi da yatsunsa.

Hujjojin masu ɗari-ɗari

Masu shakka ba duka ne ke magana da rashin sani ba. Hujjarsu ta farko lokaci ce. Shekarar karatu daga Oktoba zuwa Yuni take a takarda, amma azuzuwan zana da yawa ba sa fara aiki sai an gama girbi an samu karan yin su, kuma manhajar karatu na jiran malami ya kammala ta. Wasan da zai ci rabin sa’a wajen rabon kaya da tsawatarwa ya cinye darasi guda. Hujja ta biyu yawan ɗalibai ce: gwajin Amurka da aka ambata babba ɗaya ne da yaro ɗaya, alhali malami a makarantar gwamnati na iya fuskantar yara sittin ko fiye, wasu a tabarma, kuma ajin zana ba shi da ƙofar da za a kulle kaya a bari. Masu goyon baya na amsawa da cewa ana iya raba aji rukuni-rukuni a naɗa wa kowanne jagora daga yaran da suka riga suka gane, kuma wasa ɗaya da aka saba da dokarsa ana maimaita shi da lambobi masu ƙaruwa ya fi sabon wasa kullum sauƙin riƙewa. Wannan amsa na aiki ne idan an horar da malamin a kai, abin da ke mayar da nauyin kan makarantun horon malamai da masu sa ido kan koyarwa.

Akwai kuma masu ganin hadda ita ce ginshiƙi, kuma al’ummar da ta gina karatun allo a kan maimaici ba ta buƙatar a gaya mata ƙarfin hadda. Suna da gaskiya cewa yaron da bai haddace jadawalin ninkawa ba zai sha wahala a rabawa da ɓangarori, domin hankalinsa zai ƙare a ƙananan lissafi kafin ya kai ga babban. Inda ake saɓani shi ne jeri, wato ko hadda ce za ta riga fahimta ko fahimta ce za ta riga ta. Yaron da ya jera tsakuwa layi huɗu, kowane layi shida, ya ƙirga 24 da kansa, idan ya manta jadawalin yana da hanyar dawo da shi, wanda ya rera shi kawai kuwa ba shi da ita.

Wani ƙorafin na addini ne da tarbiyya. Iyaye da malamai da dama na ƙyamar duk wasan da ake jefa ƙwayar lido ko a raba karta, saboda kamanninsa da caca da kuma hadisin da ya zo a Sahihu Muslim game da wasan nardu, wanda shi ma ƙwaya ake jefawa a cikinsa. Makarantar da ta yi biris da wannan za ta rasa amincewar iyaye a kan abin da ba shi ne jigon darasin ba, tunda ana iya tsara wasan layi da na ƙulli ta yadda amsa tambaya ce ke ba yaro taki, ba jifa ba.

Waya da allon hannu na lantarki

Shaidar da ake da ita kan na’urori ta rabu biyu. A Peru an raba wa ɗaliban makarantun karkara ƙananan kwamfutoci, binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka na 2012 kuma bai ga ƙaruwa a makinsu na lissafi ko karatu ba. A Malawi kuwa gwajin da Jami’ar Nottingham ta yi kan manhajar onebillion ya nuna ci gaba a lissafin ƴan azuzuwan farko, amma manhajar da harshen Chichewa take magana, tana bin manhajar karatun ƙasar mataki-mataki, kuma a makaranta ake amfani da ita na ɗan lokaci ƙayyadadde ƙarƙashin kulawar babba. Bambancin yana cikin abin da aka zuba a na’urar da yadda aka tsara amfani da ita.

Yawancin manhajojin da uba zai sauke a wayarsa a Damagaram da Faransanci ko Ingilishi suke, da yawa kuma na cike da talla. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ƴan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ƴan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce sa’a guda a rana. A karkarar Miriya ko Magarya ko Tanut, inda makarantu da yawa ba su da lantarki, tsadar caji da gyara kaɗai ta isa ta sa na’ura ta zama abin ƴan ƙalilan.

Yadda abin zai taɓa gida da aji

Ga iyaye, tasiri na farko shi ne yadda za su auna makaranta. Yawan kayan wasa masu launi a aji ba ya nuna ana koyo, rashinsu ma ba ya nuna akasin haka. Abin da ke nunawa shi ne ko yaro zai iya faɗin dokar wasan da suka yi, ya nuna lambar da ya rubuta bayansa, ya kuma warware irin lissafin ba tare da tsinkayen ba bayan ƴan makonni. Idan ɗan CE1, wato aji uku, har yanzu sai da tsakuwa yake haɗa takwas da biyar, to an daɗe a matakin hannu ba a ƙarasa da shi ga alƙalami ba.

Ga malamai, hanyar na ƙara aiki kafin ta rage shi, domin tana buƙatar shiri da sanin kuskuren da kowane yaro ke yi, kuma za ta fallasa bambancin da ke cikin aji ɗaya, inda wani ke ƙirga da yatsu wani ke ninkawa a ka. Idan aka umarci malamai da yin wasa ba tare da horo ba, abin da ya fi yiwuwa shi ne a samu waƙa da tafi a farkon darasi, sannan a koma kwafe daga allo kamar da.

Akwai kuma batun wanda zai fi cin riba. Yaran da suka bi ta makarantar share fage, waɗanda tsiraru ne kuma galibinsu a birni suke, kan iso CI sun riga sun san lambobi, don haka wasan layi da na ƙulli sun fi amfanar waɗanda suka zo ba su taɓa riƙe alli ba. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da abin bayarwa a nan, tunda ita ce ta san dala da jika da tiya. Idan ta aiki ɗanta da dala arba’in ya sayo sabulun dala talatin, ta sa shi ya faɗi canjin kafin ya fita, ya dawo ya karanta mata lambar da ke jikin ƙarfen da aka ba shi, yaron zai ga 50 a rubuce a kan abin da ya kira dala goma, kuma tambayar da zai yi daga nan ita ce wadda mushe ke buƙatar ya zo da ita aji.